Harawar Badaru

Tun da hantsi Badaru ya kasa zama wuri ɗaya. Ya fita ƙofar gida ya dubi gabas, ya dawo, ya sake fita. Sama ta fara haɗa rai, iska kuma ta juya.

Da kaka ya bi ƙauyukan Toranke ya sayi harawa, ya kwaso ta zuwa Gaya, ya jibge a kan rumfa da rassan darbejiyar bayan gidansa. Duk abin da ya mallaka yana can sama, ba rufi. Sau biyu masu kiwon raguna suna tasowa daga Ajingi za su kwashe, yana cewa sai satin Layya, lokacin da za ta yi tsada. Bai taɓa zama ya auna cewa Layyar bana bayan saukar ruwa za ta zo ba. Kowane manomi ya san haka. Shi dai sayen ya iya.

Matarsa Barira ta leƙo daga madafa. "Malam, sintirin nan naka ba zai kore hadari ba. Ka nemo tamfol."

Ya hau babur ya nufi gidan Bappa Gaji, ƙanen mahaifinsa, wanda ya tsufa a harkar dabbobi. Ya tarar da shi yana ɗaure tinkiya.

"Bappa, a taimaka mini da tamfol."

"Yau ka san da ni? Nawa yana kan buhunan takina tun watan jiya." Tsohon ya kalle shi sama da ƙasa. "Da ka tara ciyawar nan, ina ka ce za ka sa ta in ruwa ya zo?"

"Na ɗauka zai jinkirta."

"Da wa kuka yi wannan yarjejeniyar? Tafi, kana ɓata wa kanka lokaci."

Ya zaga gida huɗu, kowa ya riga ya rufe nasa. Ya kira Kabo, ɗaya daga masu ragunan Ajingi, a waya, ya ce ya zo ya sayi harawar. Kabo ya yi dariya ya ce tun makon jiya ya cika ɗakinsa da ta wani.

Ana kiran la'asar iska ta taso. Badaru ya haye rumfa yana jeho dammuna, Barira tana ja zuwa zaure, zaninta na kaɗawa.

"Zauren ya cika, Malam!"

"Kai ɗakina!"

"Ai ya cika shi ma. Ko kai zan fitar in sa ta?"

Ko kashi ɗaya cikin huɗu ba su sauke ba ruwa ya tsinke, mai manyan ɗigo. Aka yi shi har magariba, washegari ya ƙara.

Rana ta uku Badaru ya hau darbejiya ya sauko da dami ɗaya, ya kwance. Cikin damin ya yi baƙi, ya yi zafi, fumfuna ta kama. Ya yago kaɗan ya miƙa wa akuyar gidan. Ta sunsuna, ta yi atishawa, ta koma ta ci gaba da tauna igiyarta.