Ba Laifi

Shekara uku Veikko Rautio yana kiran 'yan ƙwallon kwando da kwantiraginsu ya ƙare, kuma duk amsarsu ɗaya ce. Wa zai zo wannan gari na arewacin Finland, inda rana ke ɓuya wata biyu? Ƙungiyar da yake horarwa tana ta zamewa ƙasan teburi, yana ji yana gani.

Amma Aatos daban ne. A hannun Veikko ya koyi jefa ƙwallo, kafin ya tafi Sifaniya shekara takwas da suka wuce. Yanzu ba shi da ƙungiya, ga shi ya zo hutu gida. Veikko ya yi kewarsa kamar ɗan cikinsa, sai dai ko matarsa Sirkka bai taɓa faɗa wa ba.

Ranar Asabar da yamma ya hura wutar ɗakin surace na bakin tafki, don a nan ake maganar kirki. Suka zauna shi da Aatos, gumi na tsiyaya.

"Koci, ka yi tumbi fa," in ji Aatos.

"Kai kuma har yanzu hannun hagunka na ado ne."

Aatos ya yi dariya, sannan ya nutsu. "Tsakani da Allah, kana so in dawo?"

Veikko ya watsa ruwa kan duwatsun murhu masu zafi, ya jira tururi ya lafa.

"In ka dawo, ba laifi."

A wannan gari, wanda ya ce maka "ba laifi" ya gama roƙonka ke nan. Ko ranar da aka ɗaura aurensa abin da Veikko ya ce ke nan. Amma Aatos ya daɗe cikin mutanen da ke rungumar ɗan wasa suna kuka. Ya sunkuyar da kai, bai ce komai ba. Veikko kuwa ya ɗauka shirun amincewa ne, har ya sa aka buga sunan Aatos a sabuwar rigar ƙungiya.

Ranar Laraba waya ta yi ƙara, Aatos ne.

"Koci, na sa hannu da wata ƙungiya a Italiya. Sun ce ba za su iya ba sai da ni." Muryarsa ta yi rauni. "Kai kuwa na ga ko na zo ko ban zo ba, duk ɗaya ne a wurinka."

Veikko ya ce Allah ya ba da sa'a, layin ya katse.

Sirkka na tsaye a ƙofar kicin.

"Ba ya zuwa?"

"Na roƙe shi, Sirkka," ya ce, idonsa ya kawo ruwa. "Wallahi na roƙe shi."