Mutum Uku a Jikin Obadiah

Obadiah manomin citta ne a wani ƙauye da ke gefen hanyar Kachia. Duk wasan kwaikwayon da matasan coci za su yi, shi ake sawa gaba, don ya iya sauya murya. In ya kwaikwayi tsohuwa, sai ka waiga kana neman inda take zaune.

Shi ya sa Malam Gregory, wani malamin sakandare a Kafanchan, ya neme shi lokacin hutu. Ya ce yana so ya yi fim da waya a kan wata cutar ƙwaƙwalwa, wadda mutum ɗaya kan zama kamar mutane da yawa a jiki guda, kowanne da sunansa da halinsa, wannan bai san abin da wancan ya aikata ba. Nufinsa jama'a su gane ciwo ne na asibiti. Obadiah zai fito mutum uku: mai gida, da wani Samson mai zafin zuciya, da wata tsohuwa Yemima mai yawan kuka.

Ba su da wurin ɗauka sai gidan Obadiah, ba su da mace sai matarsa Afiniki. Ranar kasuwa suke aikin, lokacin da unguwa ta watse, don kada hayaniya ta shiga. An ba mai gidan wani suna na cikin fim, amma Afiniki ta kasa riƙewa; da ya ɗaga murya sai ta kira shi da sunansa na gaskiya. Sun sake har sau biyar, Malam Gregory ya gaji ya ce a bar shi haka, ai kowa zai gane wasa ne.

Ba a gama fim ba aka koma makaranta. Malam Gregory ya tura wa wani abokinsa guntu ɗaya don ya ji ra'ayinsa, minti biyu kacal, ba suna ba bayani. Guntun nan ya bi waya zuwa waya har ya isa Godogodo, garin su Afiniki. A ciki ga Obadiah a tsakar gidansa, da rigar da yake zuwa gona da ita, yana bin matarsa da adda yana cewa shi Samson ne, ita kuwa tana ihu tana kiran Obadiah. Can sai ya zube ƙasa yana kuka da muryar tsohuwa.

Yayyen Afiniki suka zo da mota suka ɗauke ta Obadiah yana gona. Ta yi bayani har ta gaji, suka ce tsoro ne ya sa take rufa masa asiri. Washegari Baba Dogara, yayan marigayi mahaifinsa, ya ce ya zo ya raka shi gaida wani mara lafiya. Obadiah ya wanke ƙafa ya hau bayan mashin. Sai da suka shiga wani gidan addu'a a gindin dutse, ƙarti huɗu suka riƙe shi, sannan ya gane shi ne mara lafiyar.

Ɗakin ƙarami ne, rufin kwano, taga ɗaya mai ƙarafa. Sarƙar da aka sa masa a ƙafar hagu tana ɗaure da wani zoben ƙarfe a cikin siminti. Tana kai shi wurin bokiti, tana kai shi taga, ba ta kai shi ƙofa. Ya gwada ranar farko: in ya kwanta ya miƙe hannu, yatsunsa na taɓa bakin ƙofar, shi ke nan.

Mai gidan addu'ar, Mama Tamar, dattijuwa ce mai sanyin magana, ba ta dukan kowa. Da hannunta take kawo masa kunu in an buɗe azumi da yamma. Amma dokar gidanta ɗaya ce, kuma ba ta taɓa karya ta ba: ba a kwance mutum sai abin da ke jikinsa ya faɗi sunansa da bakinsa, ya yi ban kwana a gaban masu addu'a.

Obadiah ya gaya mata fim ne. Ta gyaɗa kai ta ce wannan mai hankalin ne ke magana, ta gode Ubangiji yana nan da rai a ciki. Kwana na uku ya fusata, ya ja sarƙa yana daka tsawa a kira masa Baba Dogara. Mata suka taru a taga suna cewa Samson ya iso. Kwana na biyar hawaye suka zubo masa ba da sonsa ba, aka ce tsohuwar ce. Da ya yi shiru kwana biyu, aka ce sun haɗa baki sun ɓuya. Ya rasa fuskar da zai nuna a ce tasa ce.

Ranar Asabar Malam Gregory ya zo, gumi sharkaf, da wayarsa a hannu. Ya nuna musu sauran abin da aka ɗauka don su gane. Mama Tamar ta kalla har ƙarshe, ta ce ashe abin ya fi yadda aka gaya mata. Baba Dogara ya tambaye shi wane irin malami ne zai tsaya riƙe da waya ana bin mace da adda. Da malamin ya dage cewa shi ya rubuta maganganun, Mama ta ce to ko da wasa aka fara, an kira su da suna a cikin gida, sun kuwa amsa. Malam Gregory ya yi maganar hukuma, aka ce masa dangi ne suka kawo ɗansu, shi wane ne a gidan? Ya tsaya a taga ya yi wa Obadiah alkawari zai dawo da wanda za a saurara. Aka yi mako biyu bai dawo ba.

Damina ta kankama. Da rana kwano ya gasa shi, in ruwa ya sauko ba ya jin ko muryar kansa. Idon sawunsa ya ɗaye, ƙuda suka samu wurin zama. Wani lokaci yakan kira sunansa a hankali don ya ji yadda yake fita, sai kuma ya tsorata kada wani ya ji shi yana magana shi kaɗai.

Ana nan sai ga Afiniki wata safiya. Ta ce wa yayyenta za ta awon ciki, ta biyo motar Kafanchan. Ba a bar ta ta shiga ba, sai ta tsaya a taga, cikinta ya fito sosai. Ta daɗe tana kallon ƙafarsa.

"Ka yi musu wasan," in ji ta. "Ka iya ai."

"In na yi, ya zama gaskiya ke nan. Har abin da ke cikinki za a ce ubansa ya taɓa yin aljanu."

"Yanzu ma haka ake cewa. Gara a ce kana gida."

Ya ce shi bai taɓa yin ƙarya da sunan Yesu ba. Ta ce ta sani. Ta zuro hannu ta cikin ƙarafa ta gyara masa wuyan riga, ta ce ita dai ta san wanda ta aura, sauran mutane kuma ba za ta iya musu ba.

Da aka taru addu'ar safe washegari, aka zagaye ƙofarsa ana waƙa, Baba Dogara na gefe da hularsa a hannu. Mama Tamar ta yi tambayar da take yi kullum, wane ne a ciki. Obadiah ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗago.

"Samson ne."

Waƙa ta tsaya. Ya miƙe ya fizgi sarƙa har jini ya fito, ya zazzage su ɗaya bayan ɗaya, ya ce sun ɗaure mutum kamar akuya, ya ce Baba Dogara ya ci amanar ƙaninsa da ke kabari. Ba ko ɗaya daga cikin maganganun nan da Malam Gregory ya rubuta. Abin da ya ba shi tsoro shi ne yadda suka zo da sauƙi, da yadda ƙirjinsa ya yi sakayau yana faɗa. Mama ta umarce shi da fita cikin sunan Yesu, ya yi ƙara ya faɗi. Sannan ya ba su Yemima, ta yi kukanta, ta roƙi a bar ta ta zauna, daga baya ta ce ta tafi. Kukan ma bai sha wahalar nemansa ba.

Mata suka yi guɗa. Aka kawo mabuɗi. Mama Tamar ta shafa masa mai a ƙafa, ta ce ran Lahadi zai ba da shaida a gaban jama'a, kuma dangi su sa ido, don irin waɗannan sukan dawo duba tsohon gidansu. In aka ga alama, a maido shi da wuri.

Ya taka ƙofar da ƙafarsa, yana ɗingishi. A bakin hanya Baba Dogara ya rungume shi yana kuka kamar yaro, ya ce kwana ashirin da shida bai yi barcin kirki ba, ya ce maganganun ɗazu bai riƙe su ba, ya san ba ɗansa ne ya faɗe su ba. Obadiah ya hau bayan mashin.

Tsohon ya tada mashin, sai kuma ya kashe, ya waigo yana duban idonsa.

"Da wa nake magana yanzu?"

Obadiah ya auna muryarsa kafin ya sake ta, kada ta yi sama, kada ta yi rawa.

"Ni ne, Baba."