Kunkurun Amme da Kuɗin Mota

Duk ranar cikar wata, in an sauko daga wurin bauta, nakan kai mahaifiyata, Amme kamar yadda muke kiran uwa a nan, bakin teku bayan duwatsun murjani da ke ƙasan gidanmu. Ta zauna cikin ruwa har ƙugu, ƙananan kifaye na tsattsagar ƙafarta, tana jiran wani tsohon kunkurun teku mai ɓallin ƙoƙo. Shi ke nan nishaɗinta a duniya.

Sai hukumar gandun teku ta ce gefe ɗaya na gaɓar za ta ci gaba da karewa, ɗayan a ba masu kwalekwale su riƙa jefa anga. Ko namu, ko na gaban otal-otal. Aka turo wata yarinyar jami'a, Dilrukshi, ta auna wanda kallonsa ya fi daraja.

Na ce, "Da me ake auna kallo?"

"Da abin da mutum ya kashe kafin ya iso, kawu. Kai daga ina ka zo?"

Na nuna mata rufin gidanmu.

"Nawa ka biya?"

"Ƙafa."

Ta rubuta sifili a takardarta. Maƙwabcina Jinadasa ya fashe da dariya, ya kira sunana. "Wimale, ashe kallonka na banza ne! Bature ya hau jirgi, kai ka hau silifas."

Abin bai shige ni ba. Kunkuru ɗaya ne, ido ma iri ɗaya. Amma in kuɗin mota suke so, a ba su. Da wata ya sake cika na sa tsohuwa a bas har garin Matara, muka sha shayi, muka juyo. Duk hanya tana amai a leda tana zagina.

Muka sami Dilrukshi a bakin ruwa. Na miƙa mata tikiti. "Yau daga Matara muke."

"Ƙarya yake, 'yar nan," in ji tsohuwa. "Ga shanyata can a igiya."

"Amme, yi shiru mana!"

"Putha, ɗana, hanjina ka kaɗa, bakina kuma nawa ne."

Yarinyar ba ta yi dariya ba. Ta ce daga gida ake aunawa. Na ce to ai daga gida muka fita. Ta ce ba haka ba. Na ce to yaya? Ta yi bayani mai tsawo, na kama kansa, wutsiyar ta kuɓuce mini. Ta dai rantse za ta faɗa musu zancen tsohuwa.

Wataƙila ta faɗa. Gefenmu dai aka ba masu kwalekwale. Anga ta farfasa murjani, kunkurun ya koma gaban otal.

Yanzu a keke mai ƙafa uku nake kai Amme can, ina biya zuwa da dawowa. Ke nan kallonta ya yi daraja. Tikiti babu, amma direban ya ce zai yi shaida. Har yau ba wanda ya zo ya tambaye mu.