Haƙarƙarin Tsohuwa

Maureen Tapscott ta ƙwanƙwasa katakon da guduma, ta kara kunne. Sauti ya fito a mace.

"Ya ruɓe, Mo," in ji Gethin, shugaban kafintoci, yana tsugune bayanta a can ƙasan cikin jirgin da kofin shayi. "Yanke shi ki huta. Jumma'a fa za ki yi ritaya."

Tsohuwa suke kiran jirgin. Jirgin ruwa ne na yaƙi mai filafilan kama iska da igwa talatin da takwas, ya haura shekara ɗari biyu. Ya yi gadin gaɓar Faransa, ya sha wuta a tekun Karibiyan, ya zama asibitin masu kwalara, daga baya rumbun gawayi. Kowane zamani kafintoci sun cire ruɓaɓɓe sun sa sabo, har ya zamana wannan katako ɗaya, haƙarƙarin jikin jirgin, shi ne ya rage daga ranar da aka tura shi ruwa. In ya fita, babu abin da ya rage na asalin jirgin sai suna.

Maureen ba mai yawan tausayin katako ba ce. Ta ɗora zarto. Ƙwaro ya cinye bayan icen, yana zuba kamar gari. Can sai zarton ya cije, hannunta ya tsaya cak.

Wani ƙamshi ya taso, mai tsami-tsami, na ɗanyen ice da aka sare da safe.

"Gethin, ajiye shayin nan. Zo ka shinshina."

"Haba, Mo, kin fara rikicewa ne tun..." Ya kai hanci, sai ya ajiye kofin.

Ta haska tocila cikin tsagar. Zuciyar icen ja ce jawur, ba ko huda ɗaya. Igwa ta girgiza ta, mutane sun mutu a jingine da ita, gawayi ya danne ta shekaru, amma tana nan da ƙamshin dajinta. Tsoro Maureen ta ji, irin na wanda ya ɗaga murya a coci.

"Tabɗi," in ji Gethin a hankali. "Sai dai a kankare ruɓar, a yi mata riga da sabon katako. Aikin wata biyu ne, kuma ke kaɗai kika iya wannan haɗin."

Maureen ta zare zarton sannu, don kar ya ƙara cin ko ƙwayar gari.

"Ara mini wayarka," ta ce. "Clive da ke shirya bikin ritayata ya riga ya yi odar kek ɗin Jumma'a, sai ya soke."