Tabarau na Gilashin Gaske

Kwana goma sha ɗaya ke nan da yi wa Malam Rufa'i aikin ido, kuma babu ranar da ta fito ta faɗi bai tsine wa tabarau ɗin da asibiti suka ba shi ba. Wani ƙaton abu ne na roba, baƙi wuluk, ya rufe ido ya zagayo har gefen kunne, kamar an kifa wa mutum murfin tukunya a fuska. Likitar da ta cire masa yanar ido sai da ta ja masa kunne sau uku kafin ta sallame shi: kada ya cire tabarau in zai fita, kada ya murza idon, kada ya hau keke sai bayan sati shida. Ta san abin da ya sa take nanatawa. Idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa, tun shekarar da karan dawa ya soke shi a gona. Na daman nan da aka wanke, shi kaɗai ya rage masa.

A faɗi gaskiya, aikin ya yi kyau. Ranar da aka ɗaye masa auduga, abin da ya fara gani shi ne layin tururuwa a jikin bango, ya tsaya yana ƙirga su kamar wanda bai taɓa ganin tururuwa ba. Ya juya ya dubi matarsa Ni'imatu, ya ce ashe haka ta tsufa ba a gaya masa ba. Ta ce ya je ya nemi madubi tukuna.

Matsalar dai tabarau ɗin ne. Shekara talatin Rufa'i yana koli a kan keke, daga Tambuwal zuwa ƙauyukan da ke kewaye, da akwatinsa na allura da zare da kwalli da tsakiyar ado a ɗaure a baya. Mutum ne da bai taɓa yarda a riƙe masa ko da buta ba. To ranar Juma'ar da ta wuce, yana fitowa daga masallaci da abin nan a fuska, sai wani bawan Allah da bai san shi ba ya kama masa hannu, wai zai tsallakar da shi kwata. Don Allah ya yi. Amma Rufa'i ya dawo gida a fusace, ya wurga tabarau ɗin bayan randa, ya ƙi cin tuwo.

Ana cikin haka aka yi waya daga Kebbe: autarsa Ruwaida ta sauka, an samu namiji. Haihuwa biyu ta yi kafin wannan, duk ba su kai ranar suna ba. Ni'imatu ta ɗaure kayanta ta tafi tun washegari don ta kula da mai jego, ta bar shi da gargaɗi cike da kunne. A kwana na huɗu surukinsa Sirajo ya kira shi, ya gaishe shi cikin ladabi, sannan ya rage murya ya ce sunan Rufa'i za a sa wa yaron. Ya ƙara da cewa zai turo babur ya ɗauko shi.

"Kak ka turo kowa," in ji Rufa'i. "Ni ba mara lafiya ba na. Da ƙafata nika zuwa."

Ƙafarsa, wato kekensa. A ganinsa majinyaci ne kawai ake ɗorawa a bayan babur yana rungume da ƙugun wani. Zai shiga Kebbe kamar yadda ya saba shiga, ya ga takwaransa da idon da Allah Ya mayar masa. Abu ɗaya ya yarda da likita a kansa, rana na sukar idon, dole a kare shi. Amma ba da murfin tukunya ba.

Ranar kasuwa ya nufi teburin Na'iya mai tabarau. Na'iya ya baje hajarsa a kan farin ƙyalle, baƙaƙe da jajaye da masu sheƙi, har da waɗanda in ka dube su fuskarka kake gani. Suka gaisa, Na'iya ya yi masa barka da arziki, ya tambayi me ake nema. Da ya ji Kebbe za a je, kuma a keke, sai ya lalubo wani daga ƙasa.

"Malam, in don hanya na, ga wanga. Shi 'yan kabu-kabu ka sawa. Ba shi da nauyi, ya rufe gefe, iska ba ta shiga, ƙwaro ba shi shiga. Ko ya faɗi bisa kwalta ba shi fashewa."

Rufa'i ya karɓa ya juya shi. Ya kai shi baki ya ƙwanƙwasa a haƙorinsa na gaba. Ƙaf, ƙaf, sauti maras rai.

"Roba ta," ya ce, ya ajiye shi da yatsa biyu. "Mi ab bambancinshi da wanda nib baro gida?"

Nan ne fa sana'a ta ci shi. Duk matan ƙauyukan nan shi ya koya musu yadda ake gane tsakiya ta gaske: a ƙwanƙwasa a haƙori, in ta yi ƙara da sanyi gilashi ce, in ta yi ɗumi ta yi shiru roba ce, a mayar wa mai ita. A wurin Rufa'i roba ita ce ƙarya. Kofin roba, takalmin roba, tasbahar roba, duk kayan wanda ya rasa na kirki ne. Ta yaya zai ɗauki idonsa guda ɗaya tal ya ba roba amana?

Ya bi teburin ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, Na'iya na kallonsa yana goge wanda ya ajiye da gefen riga. Can a ƙarshen layi ya samu wani ƙarami, mai siririn ƙarfe ruwan zinariya, gilashinsa ruwan shayi, irin wanda tsofaffin ma'aikata ke sawa ranar ɗaurin aure. Ya kai haƙori. Ƙyas. Sanyi ya ratsa masa dasashi.

"Yauwa. Ga abin da nika nema."

"Wanga na zama na, Malam, ba na tafiya ba. Tsoho na ƙwarai, tun kayan mahaifina. Kuma dibi gefenshi, buɗe shike."

"Gilashi na ko ba gilashi ba na?"

"Gilashi na."

"To mi kaka so in ji kuma?"

Na'iya ɗan kasuwa ne, ya faɗi iya abin da zai faɗa. Ya miƙa masa madubi. Rufa'i ya duba, ya ga dattijo mai mutunci, wanda babu mai gigin kama wa hannu. Ya ji daɗi har cikin ransa. Ya biya, ya koma gida da abinsa a fuska.

Ana gobe suna, da hantsi, ya busa wa tayoyi iska, ya ɗaure ƙullin goro da 'yar riga da hular jariri a inda akwatin koli ke zama, ya yi bisimilla ya hau. Kaka ce, an yanke gero, dammuna a jingine cikin gonaki, shanu sun shiga kara suna kiwo. Ta cikin gilashin nan komai ya yi taushi, rana ta daina suka. Ya ga balbela a bayan saniya, ya ga jan bakin tsuntsun da ke kan waya, abubuwan da shekara uku bai gani ba. Iska na shigowa ta gefe tana sa idon hawaye, yana gogewa da bakin rawani, bai damu ba. Duk wanda ya wuce sai ya ɗaga masa hannu. A ransa yana ta shirya abin da zai ce idan aka miƙo masa yaron, da tsiyar da zai yi wa Ni'imatu in ya tarar hancin nasu ne ba na danginta ba.

Ya ci fiye da rabin hanya lokacin da ya iso inda ake gyaran titi. An zuba tsakuwa ba a daddanne ta ba. Ya rage gudu ya koma gefe, yana bin sawun da babura suka yi. Daga gaba wata tifa ta taso, ba kaya a bayanta, direban na gudu kamar an biyo shi. Rufa'i ya gan ta sarai, har rubutun da ke goshinta ya karanta. Ya ƙara matsawa gefe. Ta wuce shi da ƙara, tayoyinta na watso tsakuwa.

Ɗaya ce ta same shi, ba ta fi ƙwayar gurjiya ba. Ya ji ƙyas a dama, gilashin ya tarwatse, sai wuta ta kama masa ido.

Bai san lokacin da ya faɗi ba. Ya dai tsinci kansa a durƙushe a gefen hanya, keke a kwance, tayar baya na juyawa. Kafin hankalinsa ya dawo, hannunsa ya riga ya yi abin da aka hana shi: ya kai tafin hannu ya murza. Ya ji abu na ƙasa-ƙasa a ciki kamar yashi, ya yi ihu irin wanda bai taɓa yi ba tun yana yaro. Wani ruwa mai ɗumi ya gangaro masa har gemu. Ya buɗe idon da yatsu biyu. Ja ya gani, jan ya yi duhu, daga nan bai ƙara ganin komai ba.

"Jini na," ya ce wa kansa da ƙarfi. "Jini na yar rufe shi. In an wanke shi ke nan."

Wani mai babur, Bube, da ke ɗauke da buhun gero zuwa Kebbe, shi ya tsaya a kansa. Ya yi salati, ya kwance rawanin Rufa'i ya naɗe masa fuska, ya kai keken wata bukka ya ba da ajiya, ya sauke buhunsa a can. Ya ɗora Rufa'i a bayan babur. Rufa'i ya riƙe shi gam, don in bai riƙe ba faɗuwa zai yi. Ƙullin goro da kayan jariri kuwa ya ƙi saki.

A wani ɗan ɗakin shan magani a Kebbe, ma'aikacin ya haska fitila, ya ciro gutsattsarin gilashin da ya iya cirowa da hantsaki, ya tara su a faranti. Rufa'i na jin ƙararsu ɗaya bayan ɗaya. Mutumin ya tambaye shi ko yana ganin fitilar. Ya ce yana gani kaɗan-kaɗan. Ƙarya yake yi, kuma mutumin ya sani, don a lokacin ya riga ya kashe ta. Ya rufe idon da auduga, ya ce a wuce da shi Sakkwato yanzu-yanzu, ko Allah zai sa a ceci wani abu.

"Sai na ga yaron," in ji Rufa'i.

Bube ya roƙe shi, ma'aikacin ya yi faɗa, ya kafe. Tsoro ne ya cika shi, tsoron da bai iya faɗa wa kowa, cewa in ya bar garin nan bai ga jikansa ba, ba zai taɓa ganinsa ba. A hanya ya sa Bube ya yi masa alkawari: ƙwaro ne ya faɗa masa, an sa magani, shi ke nan.

Sirajo ya tarbe su a ƙofar gida, ya ga rigar da jini, ya tambayi abin da ya faru. Rufa'i ya yi dariya ya ce ba komai, ƙwaro ne, likitoci dai da son naɗe mutum. Ya dafa kafaɗar Bube kamar mai wasa da shi har suka shiga zaure, ya laluba tabarma da ƙafa ya zauna. Ya ce a kawo masa takwaransa.

Ya ji tafiyar Ni'imatu, ya san ta. Ya ji wata tafiyar a bayanta, a hankali, ta tsaya a ƙofar ciki. Ruwaida ce, da ƙamshin ruwan ganyen wankan jego a jikinta. Aka ɗora masa ɗan ƙunshi mai ɗumi a hannu, an naɗe shi da zane tun daga sama har ƙasa. Yaron na barci, ko motsi bai yi ba.

Rufa'i ya sa yatsa ya ɗaga gefen audugar. Ya jira. Ya ƙara ɗagawa, ya buɗe idon iya ƙarfinsa, zafi ya soke shi har ƙeya. Babu zaure, babu ƙofa, babu hasken la'asar da yake ji a fatarsa. Ya sunkuya a kan ƙunshin, ya gyara murya.

"Masha Allah," ya ce. "Masha Allah. Ku dibi goshi. Ni'imatu, kin faɗi, wanga hanci namu na. Har ya buɗe ido shina kallona, ɗan nema."

Sai ya ji wani sauti daga ƙofar ciki, kamar an toshe baki da gyale.

"Baba," in ji Ruwaida, muryarta na karyewa. "Baba, nan ƙafafunshi na."

Rufa'i bai ɗago ba. Ni'imatu ta durƙusa a gabansa, ta juya yaron a hankali a cikin hannuwansa, ta kama yatsunsa ta ɗora a kan ɗan kai mai laushi, inda maɗiga ke bugawa.

"Ga kan nan, Malam," ta ce.