Ƙofar da Na Soke

Ina cikin bayanin inda ake kafa madubi a kantin takalma mutumin ya shigo ajina ba sallama. Na tsani a katse mini magana, don haka ko juyowa ban yi ba na ce masa a ƙasa ake rajista, ofishi na biyu ta hannun dama. Sai da na ji ya murɗa makullin ƙofar ya zare shi sannan na waiwaya. Kakkauran mutum ne, zai kai hamsin, girarsa ta hagu duk ta babbake. Hannunsa ɗaya naɗe yake da bandeji mai dauɗa, ɗayan kuma riƙe da guduma irin ta fasa bulo.

Shekara goma sha huɗu ina koyar da tsara cikin shaguna da kantuna a wannan ɗaki na saman bene. Ɗalibaina manya ne, masu iyali, Asabar kawai suke samun zuwa. A ranar su goma sha ɗaya ne, kowa da ɗan samfurin shagonsa na kwali a gabansa. Ina da baki, ban ɓoye ba. Nakan ce wa mutum zanensa ya fi kama da akurkin kaji, aji ya yi dariya, ni kuma in ji daɗin kaina.

"Ina wanda ya zana mini shago?" in ji mutumin.

Bai jira amsa ba, don ya riga ya hango shi a layin baya. Kafinta muke ce masa. Shekara ashirin yana ƙera kantoci kafin ya zo koyon zane, kuma ya girme ni da shekara biyar, amma bai taɓa barina in ɗauki jakata da kaina ba. Wata uku da suka wuce ya samu aikinsa na farko, wani kantin yadi a kan babbar hanya. Na tuna ranar da ya kawo mini takardar zanen in duba, yana ta murmushi kamar an yi masa haihuwa.

Mutumin ya nufe shi ta tsakiyar tebura, duk samfurin da ya tarar a hanya sai ya sauke masa guduma. Kwali da gam da 'yan katakai suka riƙa tashi. Dogo, wani ɗalibina mai sayar da wayoyi, ya yi ta maza ya rungumo shi ta baya. Gwiwar hannu ɗaya ya samu a baki, ya koma da baya ya bugi allo, ya zube yana tofar da jini da haƙori. Daga nan ba wanda ya sake gwadawa. Mai kemis, mace ɗaya tilo a ajin, ta ruga taga tana kiran mutanen ƙasa, amma tagogin duk da ƙarfe a jikinsu. A lokacin ne na lura, karo na farko a shekara goma sha huɗu, cewa ajin nawa ma ƙofa ɗaya gare shi.

Mutumin ya shaƙo wuyan rigar Kafinta ya fizgo shi, ya haɗa fuskarsa da tebur har sau biyu. Hanci ya fashe. Sannan ya zaro wata takarda daga aljihu ya shimfiɗa a cikin jinin.

"Ka san wannan?"

"Na sani, maigida."

"Nuna mini ƙofar baya."

Babu ƙofa a takardar, kantar jera kaya ce ta cinye bangon daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Mutumin ya ɗago ya dube mu, ya yi magana a hankali, abin da ya fi ihu tayar mini da hankali. Ya ce ranar Talata wayar lantarki ta kama da wuta a bakin shagon, yadi kuwa ba ya jira. Matarsa tana can ciki, a ɗan ɗakin da take auna wa mata kaya. Da ya ga gaba ba ta shiguwa sai ya zaga ta lungu, ya ɓalle tsohuwar ƙofar baya da wannan gudumar, ya tarar da bayan kantar kayan, katako mai kauri an ɗaure shi da kusoshi a bango, an cika shi da bandir-bandir na yadi.

"Ina jin ta tana bugawa ta ciki," ya ce. "Ni ina bugawa ta waje. Aikinka yana da kyau, Kafinta, ko motsi bai yi ba. Shekaranjiya muka binne ta."

Ya kwaɗa masa ƙotar gudumar a haƙarƙari. Kafinta ya durƙushe, shi kuma ya ɗago shi da gashin gemu.

Ga abin da kowa a ɗakin ya sani, ban da mai gudumar. A zanen farko da Kafinta ya kawo mini, ƙofar tana nan, har ya bar mata fili. Ni na ɗaga takardar a gaban aji na tambaye shi ko shago yake zanawa ko tashar mota. Na ce ƙofar baya hanyar ɓarayi ce, kuma taku shida na bango sun tafi a banza ba sa sayar da komai. Ya ce, "Malam, saboda tsautsayi fa." Na ce masa in tsoron tsautsayi yake yi ya koma ƙera kujerun tsuguno. Aka yi dariya, har da Dogo. Na sa jan biro na soke ƙofar, na zana kanta a wurin. Takardar tana cikin durowar teburina, taku biyu daga inda nake tsaye.

"Na tambaye ka a kan ƙofar nan," in ji mutumin. "Ka ce masana sun duba. Wane ne masanin?"

Ba ko ɗaya cikin ɗaliban da ya kalle ni, kuma wannan ƙin kallon ya fi kallo nauyi. Mai kemis ta daina kira, ta tsaya tana duban ƙasa.

"Ni na zana, maigida," in ji Kafinta, jini na bin haɓarsa. "Ni na kafa."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Ni ne."

Ya sake dukansa, wannan karon a ciki da gwiwa, har Kafinta ya amayar da karin kumallonsa a kan takalmin mutumin. Ni kuwa ina tsaye da alli a hannu. Tsoro nake ji, tsoro zalla. Na buɗe baki sau biyu. Kowane karo sai idona ya sauka a kan gudumar, sai in ce wa kaina bari dai mutanen ƙasa su iso, ai ga ƙarar ƙafafunsu a matakala. Ni da nake iya magana awa uku ko ruwa ban kurɓa ba, a ranar harshena ya zama katako.

Aka fara dukan ƙofar ta waje. Mutumin ya ji, ya gane lokacinsa ya kusa ƙarewa. Ya kamo hannun daman Kafinta ya danne shi a tebur, ya riƙe wuyan hannun da nasa mai bandeji.

"Da wannan ka ɗaure kusoshin?"

Kafinta ya juyo da kansa ya dube ni. Ba roƙona yake yi ba. Girgiza mini kai ya yi, kaɗan, wai kada in yi magana. Kuma Allah ya sani na ji sanyi a raina da ya yi hakan. Wannan sanyin shi ne abin da na fi jin kunya a duk rayuwata.

Gudumar ta sauka sau uku. Ƙarar ba ta da yawa, kamar ana taka busasshen kara. A bugu na biyu ne Kafinta ya yi ƙara, a na uku ya yi shiru.

"Ni ne," na ji bakina ya faɗa. "Bawan Allah, ni na soke ƙofar. Shi ya ce a bar ta."

Na jawo durowa na fito da takardar na miƙa masa. Ya karɓa ya daɗe yana kallon jan layin. Ya dubi hannun da ke kan tebur, wanda yanzu ba ya kama da hannu. Ya dube ni. Na rufe ido ina jiran rabona, har ina ganin in ya fasa mini kai an yi adalci. Ba abin da ya zo. Da na buɗe ido yana zaune a ƙasa cikin tarkacen kwali, gudumar a gefensa, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Duk abin da ya zo da shi ya riga ya sauke a kan wani. Ko ƙwarzane ban samu ba.

Ƙofar ta ɓalle, mutane suka cika ɗakin, aka danne mutumin bai ko motsa ba. Mai kemis ta cire gyalenta ta naɗe hannun Kafinta, ta ce a yi maza a kai shi asibiti, amma yadda ta kauce wa idona na gane ba ta sa ran yatsun. 'Ya'yansa huɗu, kuma da wannan hannun yake ci da su.

Ni da wani muka tallafo Kafinta muka fara sauka. Yana da nauyi, jininsa yana ɗiga a kan wandona, ina ta cewa sannu, sannu, don ban san wata kalmar ba. A tsakiyar matakala ya tsaya ya huta, ya jingina kansa da bango. Na ce masa ya yafe mini, na yi magana amma na makara.

Ya buɗe ido da ƙyar. Babu fushi a muryarsa, gajiya ce kawai.

"Malam, da ka yi shirunka har ƙarshe," ya ce. "Yanzu ka sa hannun ya tafi a banza."