Gishirin da Ya Ƙi Bushewa

Ta karkata kwalbar, ruwan ya tsaya yana shawara kafin ya gangaro a hankali kamar zuma. Gishiri ne, amma ba na miya ba. Ƙwayoyinsa manya ne karkatattu, ba sa iya jeruwa su daskare, shi ya sa yake zaune a ruwa-ruwa ko ba a ɗora shi a wuta ba. A kan wannan teburi na ɗakin gwajin jami'a ta haɗa shi, har abokan aiki suka laƙaba mata Uwar Gishiri.

Wutsiyar da ta ƙara wa ƙwayoyin ce ta jawo magana. Da ta tsawaita ta, ruwan ya daina dunƙulewa a kan ƙarfe, ya koma shimfiɗuwa yana manne masa, abin da masu ƙera batir ke nema ke nan. Sai dai wutsiyoyin sun sarƙe da juna, ruwan ya yi kauri.

Farfesa, shugaban sashen, ya dubi kwalbar ya girgiza kai.

"Gobe wakilin masana'antar batir zai zo. In ya ga wannan rarrafe, ya tafi ke nan, ni kuma teburin nan wani zan ba." Ya rage murya. "Ki bar murfin a buɗe yau kawai. Ya sha danshin iska, ya saki jiki."

"Ranka ya daɗe, in ya sha ruwa ai ya tashi daga abin da na haɗa. Ran da suka zuba shi a batir, ruwan nan ne zai cinye musu ƙarfe."

"Wa ya ce ki zuba ruwa? Mantuwa ce, kowa yana yi."

"Ni dai ban iya mantuwa da gangan ba."

Yana fita ta murɗa murfin har sai da yatsunta suka yi zafi, ta kuma bi shi da kakin zuma. Ta ji tsoro, ba ƙarya, don in teburin ya tafi bincikenta ya tsaya. Amma hali zanen dutse. Mahaifiyarta ta sha faɗa cewa tun tana goye ba a lanƙwasa ta.

Washegari wakilin ya zuba wa kwalbar ido, ya duba agogo, ya sake dubanta.

"Kullum haka yake tafiya?"

Farfesa ya buɗe baki, ta riga shi. "Kullum. Doguwar wutsiya gare shi. In kun ba ni lokaci zan gyara kan ƙwayar, amma a yau iyakar gudunsa ke nan."

Wakilin ya yi godiya irin ta wanda ba zai dawo ba. Kafin mako ya zagayo an karɓi mabuɗin ɗakin gwajin daga hannunta, aka mayar da ita koyarwa a aji.

Bayan watanni, Dogo, wanda ya gaji teburin, ya tare ta a baranda.

"Uwar Gishiri, kin bar wani ɗigo a farantin ƙarfe, bakin taga. Na zuba masa ido ya bushe, ya ƙi."

"Ba zai bushe ba. Irinsa ba ya bin iska, rana ma ba ta kwashe shi. Wanda ya gaji da ganinsa sai ya sa hannu ya goge."

Dogo ya sosa ƙeya.

"Farfesa ya gan shi jiya. Ya daɗe a tsaye a kansa. Bai dai ce a goge ba."